Yadda Francis Ya Ƙara wa Kwamfutar Coci Fili

Francis ɗan Sajan Abel ya tafi Kaduna wurin kawunsa da farkon damina. Kafin a gama yankan dawa ya dawo mana Zuru da jakar goyo, da tabarau marar magani, da sunan da ya raɗa wa kansa, wato Injiniya. Daga baya mun ji cewa aikinsa a shagon gyaran kwamfutar da ya zauna bai wuce share ƙura da sayo abinci ba. Amma a lokacin, in ka kira shi Francis kawai, sai ya waiga bayansa ya duba ko da wani kake.

A shekarar ne matan Zumunta na cocinmu suka je babban taro a Mahuta, aka yi gasar waƙa, suka zo na ɗaya. Wanda bai san mu ba zai ɗauka ƙaramin abu ne. Tun ina yaro matan Dabai ke cinye wannan gasa, namu kuwa su dawo da tulunansu na kiɗa da ciwon maƙogwaro. Shugabar namu, Mama Saloma, ta tsufa a kan wannan baƙin ciki. Da aka sanar da sakamako, an ce sai da aka riƙe ta.

Matsalar ita ce shugabar matan Dabai, Mama Hannah, ta bi gari tana cewa lasifika ce ta lalace lokacin da nata ke waƙa, alƙalan kuma yunwa ta hana su saurare. Saboda haka Mama Saloma ta sa aka shirya sujadar godiya ranar Lahadi, ta gayyaci matan Dabai su zo a kalli bidiyon taron tare a bangon coci. Ta ce don zumunci ne. Kowa ya san don su ga kayensu da idonsu ne. Ban da haka, tsohuwar ba ta taɓa ganin kanta tana waƙa a majigi ba, kuma ta faɗa wa duk wanda ya tsaya saurare cewa tana so ta gani kafin Ubangiji ya kira ta.

Joel mai ɗaukar bidiyo ya zo daga Mahuta a kan babur da memorinsa a aljihu. Ya ce a yi sauri a kwafe, yana da biki a Dirin Daji, kuma memorin nan guda shi ke gare shi, dole ya goge ya ɗauki amarya. Gladys sakatariyar coci ta kunna kwamfutar ofis ta soma kwafa. Kwamfutar ta yi ɗan tunani, ta ce ba wuri. Ma'ajiyarta kashi biyu ce, C da D, kuma layin da ke ƙarƙashin D, inda ake zuba hotuna da bidiyo, ya yi ja wur.

Matan Zumunta sun cika ofis har baranda, kowa na ba da shawara. Wata ta ce a kashe a kunna. Wata ta ce a yi addu'a tukuna. Ana cikin haka Francis ya ratso, ba wanda ya aika a kira shi, ya ce a ba shi hanya. Ya leƙa fuskar kwamfutar ta saman tabarau, ya yi dariyar tausayi, ya ce irin wannan a Kaduna yara ake bar wa.

“Mama, kin san gona?” in ji shi.

“A cikinta aka haife ni,” in ji Mama Saloma.

“To faifan da ke cikin kwamfutar nan gona ce. An raba ta biyu, ga gonar C, ga gonar D. D ta cika, C tana da saura. Iyaka kawai zan matsar.”

Wannan bayani ya shiga kan matan sosai, domin babu wadda ba ta taɓa rigimar iyaka da maƙwabci ba. Mama Saloma dai ta tambaya ko mai gonar C zai yarda. Francis ya ce ba tambayarsa zai yi ba.

Ya tashi Gladys daga kujera ya zauna, ya naɗe hannun riga, ya buɗe wani shafi mai dogayen akwatuna. Ya umarci C ta rage. C ta ba shi ɗan guntun fili da ko waƙa ɗaya ba zai ɗauka ba, ta ce iyakar abin da za ta iya ke nan. Ya sake umarta, ta sake ba shi amsa iri ɗaya. Ya juya wurin D ya ce ta karɓi guntun, kwamfutar ta fito da dogon gargaɗi da Turanci, wai sai an mai da faifan wani iri da ake kira dainamik, kuma in an shiga, fita ba sauƙi. Gladys ta sunkuya za ta karanta, Francis ya riga ta ya danna “eh”. Ya ce gargaɗi na masu koyo ne.

Akwatunan suka canza launi. Matan suka yi ta kallo. Francis ya bayyana cewa yanzu faifan ya zama dainamik, wato gona mai tafiya, iyakarta ba dutse ba ce, igiya ce, duk inda ka ja ta nan take. Aka sake gwada kwafa. Kwamfutar ta sake cewa ba wuri.

Joel ya duba rana, ya kaɗa makullin babur. Francis ya ce to sai an yi sassabe. Ya shiga D yana neman abin da zai share, ya ci karo da hotunan Zumuntar Maza na bikin godiyar kaka, cike da dattawa riƙe da doya suna murmushi. Ya tambaya ko akwai mai bukatarsu. Duk ofishin mata ne, saboda haka ba a samu mai bukata ba. Wata ma ta ce mijinta ya fi kyau in ba a gan shi ba. Aka share. Jan layin ya ɗan ja baya kaɗan, amma bidiyon nan na wuni guda ne, har yanzu ya fi ƙarfin wurin.

Wani mai hankali a nan zai ce a nemo wani abin a kwafe a ciki. Francis ya miƙe ya ce tunda gonar gida ta kasa, za a yi aron gona. Ya tsallaka titi zuwa shagon Lawwali.

Lawwali mutumin Argungu ne da ya daɗe a Zuru, sana'arsa tura wa mutane finafinai da waƙoƙi a waya. Yana da kwamfuta mai faifai biyu a ciki, kuma Francis ya taɓa gani. Ya ce masa aron ɗaya yake so, coci za ta ɗan ɗebi fili a ciki ta mayar.

“Faransi, mi kaka nuhi da ɗibar hili?” in ji Lawwali. “Wanga abu duk abincina na ciki. Hina-hinan da nit tara tun zuwana garin ga.”

Francis ya ce ba zai taɓa fim ko ɗaya ba, wurin da ba a shuka komai ba kawai zai ɗiba. Ya ƙara da cewa a Kaduna bankuna ma haka suke yi. Lawwali mutum ne mai kunyar maƙwabta, kuma matan cocin nan su ne ke sayen rabin waƙoƙin da yake turawa. Ya kwance faifan ya miƙa, ya ce lallai ya dawo masa kafin ranar kasuwa.

Babu sukudireba a ofishin coci, don haka da wuƙar yanka albasa aka buɗe cikin kwamfutar. Noti ɗaya ya faɗa ciki, aka ɗaga ta aka girgiza, ya ƙi fitowa, Francis ya ce dama ya yi yawa. Wayar da zai haɗa faifan ba ta kai inda ake ɗaure shi ba, sai ya bar shi a waje yana reto, ya tokare shi da littafin waƙoƙi. Ya kunna, ya mai da faifan Lawwali shi ma dainamik, ya matse finafinan gefe guda, ya ja iyakar D ta tsallaka ta shiga cikin filin da ya rage.

Abin haushi, sai ya yi aiki. Jan layin ya koma shuɗi, D ta yi faɗi, bidiyon ya shige tsaf. Ni da nake ba ku labari ina bakin taga, na gani da idona. Matan suka rangaɗa guɗa har Fasto ya fito daga gidansa ba takalmi. Mama Saloma ta dafa kan Francis ta sa masa albarka, ta ce uwarsa ta haifi ɗa. Joel ya goge memorinsa a gaban kowa, ya hau babur ya kama hanyar Dirin Daji. Matan suka so a kalla nan take, Mama Saloma ta hana, ta ce ba mai gani sai ranar Lahadi, ita ma tare da matan Dabai za ta fara gani.

Daga nan Zuru ta yi wa Francis kaɗan. A wurin mai shayi ya ce ya haɗa faifai biyu sun zama ɗaya, abin da ko a Kaduna mutum uku ne suka iya, biyu kuma sun bar ƙasar. A wurin masu wankin babur ya ce Fasto na tunanin ba shi ofis. Ya tsayar da wani malamin makaranta a hanya ya tambaye shi ko ya san dainamik, malamin ya ce a'a, Francis ya girgiza kai ya ce shi ya sa ƙasar ba ta ci gaba.

Da safiyar ranar kasuwa Lawwali ya zo karɓar kayansa. Ba wuta a ofis, kwamfutar a kashe. Gladys ta tambaya ko cire faifan ba zai taɓa bidiyon ba. Francis ya dube ta yadda ake duban yaro. Ya ce in ka ari buhun maƙwabci ka juye hatsin a rumbunka, riƙe buhun na mene ne? Fili ya riga ya shiga D, wannan ƙarfen fanko ne kawai. Ya fizge wayar, ya miƙa wa Lawwali, ya mayar da littafin waƙoƙin kan tebur.

Ba a jima ba aka ji muryar Lawwali daga tsallaken titi. Ya mayar da faifan cikin kwamfutarsa, ita kuwa ta ƙi saninsa, ta sa masa alamar rawaya ta ce baƙo ne. Ga mutanen ƙauye sun yi layi da wayoyinsu, wani na son dambe, wata na son fim ɗin Indiya mai fassara. Francis ya zo da jakarsa, ya duba, ya ce abu mai sauƙi ne, faifan ya saba da zaman coci, sai an dawo da shi yadda yake a da. Kwamfutar ta sake fito da dogon gargaɗi. Kun riga kun san abin da Francis ke yi wa gargaɗi.

Faifan ya dawo, kwamfutar ta gane shi. Lawwali ya buɗe, ya tarar da shi wayam.

“Ina hina-hinaina?”

“Ka ga yadda ya koma sabo?” in ji Francis. “Ko a kwali ba ka samun mai tsabtar wannan.”

“Ni tsabta nic ce maka ina so? Kac ce ba ka taɓa ko guda!”

Francis ya ce ai bai taɓa guda ba, gaba ɗaya suka tafi, kuma laifin na faifan ne da ya tsufa. Lawwali ya zagayo ta bayan tebur, mutanen layi suka shiga tsakani, Francis ya tuna yana da aiki a wani wuri. Wunin ranar Lawwali ya yi shi a shagon wani abokin sana'arsa yana roƙon a tura masa abin da ya samu, yana rantsuwa cewa gobe sai ya kai ƙara gaban Fasto, ko da ana tsakiyar wa'azi ne.

Ranar Lahadi coci ta cika har waje. An rataya zannuwa a tagogi don a samu duhu, an aro majigi, an tayar da janareto. Matanmu sun sha ankon Zumunta, sun jera tulunansu a gaba. Matan Dabai sun zo mota guda, aka ba su kujerun gaba don kada wani abu ya tare musu gani. Mama Hannah ta zauna ta harɗe hannuwa. Mama Saloma ta yi jawabi a kan tawali'u, ta ce nasara ta Ubangiji ce, su dai an yi amfani da muryoyinsu ne kawai, sannan ta kira Injiniya.

Francis ya fito da kwat. Bai tafi wurin kwamfuta kai tsaye ba, sai da ya karɓi makirfo ya yi bayanin gonar C da gonar D da aron gona, har Fasto ya yi tari. Sannan ya kunna. Fuskar kwamfutar ta bayyana a bango, ƙatuwa, kowa na gani. Ga C nan. Inda D take, ba komai.

Ya kashe ya kunna. Ya ce zafi ne, aka kawo mafici. Ya buɗe shafin nan mai akwatuna, sai ga jan tambari a bango, da kalmar da ko wanda bai yi makaranta ba ya gane ba ta alheri ba ce. Wani dattijo daga layin Zumuntar Maza, wanda ya ji labarin hotunansu, ya tambaya da ƙarfi ko gonar ce ta yi tafiya, tunda an ce mai tafiya ce. Mama Hannah ta ce a bi a hankali, su ba sa sauri, wataƙila lasifika ce.

Daidai nan Lawwali ya iso bakin ƙofa da faifan a hannu, ya zo kawo ƙara. Francis ya hango shi kamar an aiko masa mala'ika. Ya ruga ya karɓe faifan kafin mutumin ya buɗe baki, ya sanar da jama'a cewa ragowar gonar ce ta iso, dama ya shirya hakan. Ya durƙusa ya haɗa waya, ya kunna. Wata sabuwar ma'ajiya ta fito a bango. Francis ya juyo ya ɗaga hannu, ya danna abu na farko da ya gani.

Wata Ba'indiya ta bayyana a bangon coci, tsayinta ya kai rufi, tana rawa cikin ruwan sama, wani mai gashin baki na bin ta a guje. Sautin kuwa an ƙure shi saboda waƙar Zumunta. Yara suka yi ihu. Fasto ya tsaya gaban majigin ya buɗe hannuwa don ya tare, sai rawar ta koma kan farar rigarsa. Sai da Gladys ta zare waya daga bango sannan abin ya tsaya.

Nan fa Lawwali ya gabatar da ƙararsa daga bakin ƙofa, tiryan-tiryan, tun daga aro har zuwa wankewa. Ya ce duk abin da ke cikin faifan nan jiya wannan yaro ya share shi, nasa da na coci, abin da suka gani yanzu roƙo ya yi aka ba shi. Fasto ya tambayi Francis ko bidiyon na nan a wani wuri. Francis ya ce a ilimance rabinsa na nan, sai dai rabin ba ya buɗuwa sai da ɗaya rabin, shi kuma ɗaya rabin ya riga mu gidan gaskiya. Aka kira Joel a waya, ya ce memorinsa cike yake da amaryar Dirin Daji.

Na dubi Mama Saloma, gaskiya ta ba ni tausayi. Tana zaune, hannunta a kan tulu. Da Francis ya kama bakinsa, da wataƙila an tashi haka. Amma ya ga wuri ya yi nauyi, sai ya ɗauki makirfo ya ce jama'a su kwantar da hankali, bidiyon ya yi kyau ƙwarai, shi shaida ne, domin ya kalle shi a ɓoye don gwaji, kuma kansa ya fi kowane faifai riƙe abu.

Mama Saloma ta ɗago. “Kai ka gani?”

“Tsaf, Mama.”

“Duk cocin nan kai kaɗai ka gani. To baƙinmu sun zo kallo daga Dabai, ba za su koma haka ba. Nuna musu.”

Kafin ya gane, mata biyu sun cire masa kwat, sun ɗaura masa zanen Zumunta a ƙugu, wata ta ɗora masa ɗankwali. Aka tura shi gaban bango inda hoton ya kamata ya fito, aka kunna majigi a kansa. Masu tulu suka gyara zama suna jiran ya ɗauko waƙa su bi.

Francis bai saba cewa bai iya ba. Ya gyara murya, ya lanƙwasa gwiwa, ya soma waƙar jirgin Nuhu, yana tuƙi da hannu biyu, yana tafiyar agwagwa, yana nuna yadda dabbobi ke shiga bibbiyu. Kuma don Allah ya iya, har juyin ƙarshen baiti bai kuskure ba. Sai dai masu tulunmu ba wadda ta buga. Waƙarmu ta Zakka ce, gajeren mutumin nan na Littafi Mai Tsarki da ya hau itace. Jirgin Nuhu waƙar matan Dabai ce, su suka fara hawa dandali a Mahuta, kuma farkon bidiyon kaɗai Francis ya kalla kafin ya fita neman wanda zai ba labarin dainamik.

Matan Dabai suka dubi juna, suka miƙe gaba ɗaya. Suka karɓi amshi, suka bi bayan Francis suna tuƙi, suka zagaye coci. Yaranmu marasa kishi suka shiga layi. Mama Hannah ta tsaya gaban Mama Saloma ta riƙe hannunta biyu, ta ce sun gode da wannan karamci, ba su taɓa zaton za a gayyato su daga Dabai don a yi godiya da waƙarsu ba.

Da Francis ya samu ya sulale ta ƙofar gefe, zanen na harɗe masa ƙafa, sai ya tarar da Mama Saloma a waje ita kaɗai, rungume da tulunta. Ya tsaya yana jiran faɗa. Ba ta yi faɗa ba, muryarta ma a ƙasa take.

“Ɗana, faɗa mini gaskiya. Ko sau ɗaya, ka gan ni a ciki?”

Francis ya sosa ɗankwali. “Ban kai wurinku ba, Mama. Amma fili kam, na sama muku.”

Ta dube shi. Sannan ta ɗora tulun a ka ta kama hanyar gida, matan Dabai kuwa a ciki sun shiga baiti na biyu.